Robobi Huɗu da Ban Karɓa Ba

Wata Juma'a ce cikin watan Maris na 2013, da hantsi, na iso bakin layin tsere a Hayyul Ashir, wata unguwa a Masar, ina haki tun ba a fara gudun ba. Shekarata goma sha ɗaya, ƙafata cikin takalmin makaranta da na cusa wa takarda don ya yi mini yawa. Ɗalibai 'yan Malesiya ne suka shirya wa yaran unguwa tseren, ga jan keke sabo ful an jingina da tebur, ko ledarsa ba a cire ba, na wanda ya zo na ɗaya. Layin burodi ne ya makarar da ni, kafin in zo an gama bayanin ƙa'ida. Abokina Firdaus, ɗan Malesiya da muke aji ɗaya, ya fara gaya mini wani abu yana nuna wuyan hannunsa, sai aka busa usur. Ban tsaya jin sauran ba.

A lokacin muna zaune a unguwar Arba wa Nus, ɗaki biyu a hawa na huɗu, Baba yana karatu a jami'a. Gudu kam ba wanda ya koya mini, aike ne ya koya mini. Ni ne mai bin layin burodi da sassafe, ni ne mai hawa da jarka in famfo ya ɗauke, in mai iskar gas ya wuce yana ƙwanƙwasa tukunya ni zan dira in tare shi kafin ya sha kwana. Da yamma mu buga ƙwallon tsumma da yaran Sudan a lungu har wata tsohuwa ta watso mana ruwa daga sama. Umma kuwa ba ta fita. Daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure aka kawo ta, Larabcinta duka bai wuce gaisuwa da ma'alish da khalas ba, wato “yi haƙuri” da “an gama”. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunana, sai dai “kai”. Abu ɗaya ta riƙe da ƙarfi a garin da komai ya fi ƙarfinta, tarbiyyarmu. Kullum zan fita sai ta ce, “Abin hannun mutane ba a karɓa. Ka gode, ka wuce.”

'Yan Malesiyar nan gida-gida suke zama, mutanen kowace jiha da gidansu, suna kiran kowanne kampung, wato ƙauye. Ta ƙofar ƙauyukan nan huɗu hanyar tseren ta bi. Tun a kwanar farko na bar yara a baya. A ƙofar gida na farko mata sun yi layi, ƙamshin shinkafa da kwakwa yana tashi, wata ta miƙo mini wani ɗan jan abu. Na ɗauka alewa ce. Na dafa ƙirji, na ɗan rusuna, na yi godiya na wuce. A gida na biyu da na uku haka, a na huɗu har wata ta biyo ni tana kira, ni kuwa ina jin kaina ɗan gidan mutunci. Ni na fara taɓa igiyar ƙarshen tsere. Malamin da ke rubuta suna ya kama hannuna ya juya, ya kama ɗayan ya juya, wayam. Ashe roba ce irin ta ɗaure gashi, kowane gida da launinsa, ita ce shaidar ba ka yanke hanya ba. Ina tsaye aka tura wa wanda ya biyo ni keken.

Na tarar da Umma tana tuƙa tuwo, Baba yana masallaci. Ban yi sallama ba, na zazzage mata labarin robobin. Na ce mata, “Ke kika ja mini. Ba abin da kika sani sai tarbiyyar ƙauye.” Muciyar ta tsaya a hannunta, can ta ci gaba da tuƙi. Ba ta dake ni ba, ba ta gaya wa Baba ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ta zumbula hijabinta ta ce in wuce in nuna mata hanya. Da ƙafa muka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ƙwanƙwasa, ta durƙusa, ta nuna wuyan hannunta, ta tara hannu biyu. A gida na biyu wata yarinya ta ɗauka bara take, ta fito mata da sauran shinkafa a leda. Umma ta karɓa, don ba ta da bakin da za ta yi bayani. Ni ina tsallaken titi bayan wata mota, ina yi kamar ba tare muke ba. Wannan tsayuwar ita ta fi ci mini rai har yau, fiye da maganar da na yaɓa mata ranar tseren. Da ƙyar ta haɗa robobin huɗu, ta kai wa malamin. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “Ma'alish ya hajja, khalas.” Ba ta nemi in fassara mata ba. Muka dawo tana gaba ina baya, ban ce mata sannu ba.

Daga ranar wani abu ya sauka a gidanmu. Umma ta daina yi mini faɗa in zan fita. In baƙo ya miƙa wa ƙannena abu, ni take kallo, ni zan ce a karɓa ko a bari. A lokacin daɗi na ji, ina ganin na girma. Sai daga baya na gane cewa abin da ya rage mata a Masar ne na ƙwace.

Mun dawo gida a 2015. Yanzu muna Kano, ina koyarwa a wata firamare, Umma tana cikin danginta, tana magana kowa yana ji, ta kwaɓi ɗan kowa a layi. Ni kaɗai ne har yau ba ta kwaɓa, kuma ina kewar hakan. Da ƙaramar sallar bana na zauna kusa da ita na ɗauko zancen tseren, ina son in nemi gafara. Ta ce, “Wane tsere?” ta ci gaba da tsince wake. Na san ba mantawa ta yi ba. Ta yafe tun ban roƙa ba, ni kuma na rasa inda zan kai haƙurin da nake son ba ta.