Tabon Yatsan Afrakoma

Afrakoma ta tashi ta tarar da mahaifinta yana naɗin koyil, wato wayar tagullar cikin injin lantarki, a Suwame, cikin Kumasi, da ya rasu kuma ita ta gaji rumfarsa. Injin niƙa, fanka, injin walda, duk wanda ya ƙone wurinta ake kai shi.

Tabon da ke babban yatsanta tun tana budurwa ta same shi. Wuta na bin wani ƙaton koyil, Afrakoma ta fizge wayar, sai tartsatsi ya taso ya cafke ta. Ranar ta gane halin koyil: komai yawan wutar da ke ratsa shi, in tana tafiya daidai ba ruwansa, canjin gaggawa ne ke tayar masa da ƙarfi. Ba ta sake yanke wuta farat ɗaya ba.

Da idonta ya fara rauni, yayanta Ntim ya zo da kwaɗon kulle ƙofa, ya same ta tana cin dokunu, tuwon masarar da ake dafawa cikin ganye.

"Dangi sun zauna, yau za a rufe rumfar nan," in ji shi. "Kin tsufa, ƙanwata."

"Sun zauna ba ni? To su ci gaba da zama."

"Don lafiyarki ne."

"Yaya, da kun bi ni a hankali, da na rage aikin da kaina." Ta kai masa yatsan har hanci. "Waya ce ta yi mini wannan, don na tsayar da ita ba shiri, kuma ko rai ba ta da shi. Sa kwaɗon mu gani."

Ba a rufe rumfar ba. Kwaɗon yanzu yana jikin akwatin kayan aikinta.