Kawu Zainulabidin da Albasar Cikin Huhu

A saman buhunan albasa Kawu Zainulabidin ya shigo Enugu, a bayan wata tsohuwar roka daga Kano. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana zaune a unguwar Asata, yana sayar da albasa a kasuwar Ogbete, kuma bai taɓa yarda akwai abin da ya gagari saninsa ba. Ko rediyo ta lalace, sai ya latsa ta da babban yatsa ya ce ta ruɓe ta ciki.

'Yarsa Sakinatu tana karatun likita. Ta faɗi jarrabawar duba nama a madubin likita sau ɗaya, in ta sake faɗuwa sai ta maimaita shekara. Rarrabe ire-iren kansar huhu ne ya kayar da ita.

Wata Asabar da hantsi tana duba hotunan karatu a waya, ya leƙo ta kafaɗarta.

"Wa ya yanka miki albasa a cikin boko?"

"Baba, huhun mutum ne. Kansa ce da ake kira sukwemos, ta fi kama masu shan taba. Ƙwayoyinta kan naɗe zobe cikin zobe, tsakiyar ruwan hoda."

"A kwance aka yanka ta," in ji shi. "Miƙo nan."

Kafin azahar ya ware mata hoto arba'in kashi biyu, mai albasa da marar albasa. Ran Litinin har ya tare Linda mai tumatir, da ya ji tana tari, ya ce ta buɗe baki ya duba. Ta ce, "Alhaji, je ka duba kayanka, akuya na ci."

Ranar jarrabawa Sakinatu ta leƙa ta madubin likita cikin gilashin naman huhu da aka ba ta, babu zobe ko ɗaya. Har ta ɗora biro za ta rubuta wani iri, sai ta tuna Baba ba ya sayen buhu sai an zazzage masa har ƙasa. Ta bi gilashin lungu-lungu. Can a gefe ta tsinci zobe ɗaya ƙarami, da siraran zare tsakanin ƙwayoyin da ke kewaye da shi. Ta rubuta sukwemos, ta kuwa ci.

Da ta ba shi labari, ya ɓata rai.

"Ɗaya tak a gilashi guda? Wa yake kawo wa makarantarku kaya?"