Hatimin Waziri a Cikin Ƙwarya

Mun tashi daga Damagaram da asuba, ana sallame salla, a bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, mai kai sukari da ganyen shayi Tanut. Ni ne da ƙanen matata, mai fataucin fata, wanda ya ce zai raka ni don a ganinsa mutumin da ke yawon neman tsofaffin takardu bai kamata a bar shi shi kaɗai ba.

Ga wanda bai san ni ba, tun ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, nake tara rubutun hannu da hatimin manyan da suka riƙe mulki a shekarun farko bayan jihadi: waziran Barno da na Sakkwato, da sarakunan Abzin. Wurin da mutum ya sa hannunsa ko ya danna hatiminsa, nan idona ke zuwa. Damargu kuwa, ƙasar da Tanut take, nan ayarin Arewa ke yada zango ya sayi gero, kuma babu madugun da ke tafiya ba takardar aminci daga wani babba. Shi ya sa na sa rai.

Bazara ce, rairayi ya yi zafi kamar an soya shi. Kamiyon ya yi ta kafewa, muna sauka muna turawa, direba na zaune yana ba mu umarni kamar kumandan. A Tanut muka iske gero ya yi tsada, mata na ciniki a kan tiya ɗaya kamar za su sayi raƙumi. Cuku ne kaɗai ke da araha, shi muka ci da shayi har haƙorana suka gaji. Wani tsohon magatakarda da aka ce in nema ya gaya mini cewa tun zamanin Turawa wani kumandan ya tattara irin waɗannan takardu a akwati, ya tafi da su ƙasarsu. Don kada in koma hannu banza, ya kai ni ya nuna mini lungun da akwatin ya taɓa zama.

Daga nan muka hau raƙuman haya zuwa Gangara, gidan wani dattijo jikan madugu. Ya shayar da mu fura mai kauri, sannan ya sauko da wata gafaka da ya ce rabon da a buɗe ta tun mahaifinsa na da rai. Da ya kwance igiyar, sai gari ya zubo masa a cinya. Gara ta riga mu. Na yi ta laluben ƙasan gafakar har yatsana ya taɓa rabin takarda guda da ta tsira. Hatimin wani wazirin Barno ne a kanta, zagayayye, tawadar baƙa wuluk, ga rubutunsa a gefe ya ɗan karkata hagu. Shekara da shekaru ina neman hannun wannan mutum. Dattijon ya ƙi karɓar komai sai tocilata, ya kuma ce sauran takardun suna wajen gwaggonsa, a wani ƙauye kusa da Belbeji.

Tun daga nesa na ji ƙauyen bai yi mini ba. Babu yara a bakin rijiya, kuma a gefen hanya ga ƙananan kaburbura da ƙasarsu ba ta gama bushewa ba. Ƙyanda ce ta shigo.

Tsohuwar ta karɓe mu a ƙofar bukka. Ɗanta ya tafi ci-rani Kano, uwar yaran ta rasu, ita ke riƙe da jikokin. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta shiga ta fito da damin takardu masu yawa, duk sun yamutse, duk farare. Ta ce da ciwon ya kama yaran, ɗaya bayan ɗaya ta riƙa wanke tawadar tana ba su suna sha. Biyu sun riga sun tafi. Ta ukun, 'yar ƙarama, tana kwance a bayanta kan tabarma, numfashinta na fita da ƙyar. Na ɗaga takarda ɗaya sama, na ga da'irar da hatimi ya taɓa zama, ba harafi ko ɗaya.

Ƙanen matata, don ya cike shirun, ya ce ai mun ma samu guda a Gangara. Tsohuwar ta dube ni.

Na yi mata bayani cewa waɗannan ba ayoyi ba ne, wasiƙu ne kawai da ke cewa a bar raƙuman wane su wuce lafiya. Na ce mu ɗora yarinyar a raƙumi mu kai ta wajen likita. Ta ce haka ta yi da yayan yarinyar, a hanya ya cika a hannunta, ba za ta sake ba.

"Malam, hannun mutanen kirki ne," in ji ta. "Ni ba ni da sauran abin da zan yi mata."

"Iya, ba zai warkar da ita ba."

"Na ji. Ka ba ni dai."

Na ciro na ba ta. Ta yi bisimilla, ta sa takardar cikin ƙwarya, ta zuba ruwa, tana shafawa da yatsa a hankali. Rubutun ya fara tafiya, hatimin ya ɗan jure, sannan shi ma ya bi. Ta ɗago kan yarinyar ta ba ta, ta sha kaɗan, sauran ya zube a wuyanta.

Muka bar musu sukarin da ke gare mu, muka kamo hanya. Har muka shigo Damagaram ƙanen matata bai yi mini zolaya ko sau ɗaya ba. Ba a daɗe ba wani abokin fataucinsa ya iso daga Belbeji da labarin cewa yarinyar ta rasu washegarin tafiyarmu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na daɗe ina jin haushin masu barin tarihi ya lalace, ina ce musu marasa kula. Yanzu na ga inda yake zuwa: wani a jirgi, wani a cikin gara, wani a bakin yaron da ba shi da wani magani. Masu tambayata yaushe zan sake fita, ku yi haƙuri. Na daina. Idan akwai sauran takarda a Damargu, akwai tsohuwar da ta fi ni bukatarta, kuma ita ma ba za ta yi mata amfani ba.