Fatar Akuya a Bindigar Sarkin Baka

A gidanmu na Unguwar Shanu, in an ɗauke wuta bayan magariba ba mai jin haushi sai masu talabijin, su kuwa a layinmu biyu ne, talabijin ɗin ɗayan ma sai an mare ta take magana. Mu murhun Iya muke nufa. Iya kakata ce, uwar babana, mai tuyar ƙosai da yamma. In ta sauke kasko sai ta bar mana garwashin, mu zagaye shi kamar ƙuda sun ga mangwaro. Ni take kira angonta, ni kuma in ce ban taɓa ganin amarya mai haƙora huɗu ba.

Tatsuniyoyinta na kura da zomo mun haddace su har muna yi mata gyara. Amma akwai guda da ba ta buɗe ta da "ga ta nan". Sai ta tona garwashi da tsinke ta ce, "Wannan ba zuwa ta yi ku ji ta ba, ni ta zo ta samu har ɗaki."

Labarin kakanmu ne. Sunansa bai taɓa fita bakinta ba, Sarkin Baka take ce masa, don shi ne shugaban maharban ƙauyensu can wajen dajin Birnin Gwari. Ya yi wa wani Bature jagorar farauta shekaru, da zai tafi gida ya bar masa bindiga mai madubi a sama. In ji Iya, in ya leƙa madubin nan yana ganin kwarkwatar da ke kan biri daga nan zuwa unguwar Kinkinau. Ƙarin gishiri dai ba a ƙasa na tsinta ba.

Sai damisa ta faɗo musu ana dab da girbi. Ta gama da awaki, ta koma rafi inda mata ke ɗiban ruwa, ta yaga wata mata a kafaɗa. Mai gari ya ce in aka yi kwana bakwai ba a kashe ta ba, kowa ya ɗaure kayansa a tashi, a bar dawa a tsaye a gona. Barin dawar nan kuwa yunwar shekara ce. Iya na da cikin babana wata bakwai. Harsashin Sarkin Baka tara ne, ba inda zai samo na goma.

Ya yi kwanton ɓauna a rafi, ya ga damisa ƙiri-ƙiri, ya harba. Ƙura ta tashi kamu guda a hagunta. Ta dube shi, ta yi tafiyarta ba ko gudu.

"Mutumin da bai taɓa kuskure ba," in ji Iya, "ya shigo gida ba sallama."

Ya kafa ƙwarya a jikin kuka ya gwada, hagu. Ya ɗaure kusoshin madubi, ya goge cikin bindiga da tsumma da man keke, ya shanya harsasai a rana ko sun sha raɓa. Ya murza ɗan makunnin saiti da ke jikin madubin, ya gusar da shi daga kan zanen da Baturen ya yi masa, har ya kusa daidai, washegari ya gwada, ta ƙara gocewa. Ya zargi idonsa, ya rambaɗa kwalli har ya koma kamar amaryar Fulani. Kowane gwaji harsashi ne yake tafiya. Daga nan sai maganar sammu ta shigo, kullum ya karɓo laya ya ɗaura wa bindiga, har ta fi jaririn fari kaya. Kwana na shida, saura harsashi biyu. Mata sun fara ɗaure tukwane. Shi ko tuwo ba ya ci, sai ya zauna ya zuba wa ƙarfe ido.

A nan muryar Iya kan yi ƙasa. "Layar farko ni na sa aka ɗaura, angona. Ranar da aka yaga matar nan tsoro ya kama ni, na karɓo ta, na yanko ɗanyar fatar akuya, na sa shi ya naɗe ta da madubin da bakin bindigar gaba ɗaya. Na ce ja da kyau, kada ta faɗi."

Da ragowar fatar ta ɗaure wata ƙwaryarta mai ɗan tsagu. Safiyar kwana na shidan ta ɗauko ƙwaryar, ta tarar fatar ta bushe, ta matse ta har ta fasa ta biyu. Ta tsaya da ɓari a hannu, ta gane haka fatar jikin bindiga ke matse madubin tana karkata shi.

Mace ba ta taɓa bindigar maharbi, cewa ake tana karya ta. Iya ta jira ya tafi sallar azahar, ta ɗauki askarsa, ta yanke komai. Ya dawo ya tarar da layu a faifai.

"Kin kashe mu," ya ce.

"Na kusa dai, tun kwana shida. Dubi ƙwaryata. Mayar da makunnin nan kan zanen da Baturenka ya yi, ka gwada guda."

"Guda cikin biyu?"

"In ta goce, ni zan fara ɗaukar tukunya."

Ta rataya masa layun a wuya, ta ce addu'a mutum aka yi wa, ba ƙarfe ba. Ya harbi ɓarin ƙwaryarta a jikin kuka, tsakiya. Harsashin ƙarshe ya kai shi rafi da asuba. Dawar nan sun girbe ta, da ita aka yi kunun sunan babana.

"Ƙurunƙus," Iya kan ce, "amma na yau kan damisa ne, kusu ya huta."

Lokacin ni damisar kawai nake ji. Sai da na girma, ɗiyata Hauwa mai ɗaukar na ɗaya ta zo na tara a makaranta. Na rikice. Na ɗauko mai lesin, ta zo na goma sha biyar. Na ƙara wani, na hana wasa, na ƙara rubutun sha, na ƙara faɗa. Na zargi makaranta, ƙawaye, har da maƙwabciyar da ke yawan yaba ta. Wata yamma na same ta ta yi barci a kan littafi, fensir a hannu, hawaye ya bushe a kumatunta. Sai na ga Iya da ɓarin ƙwarya.

Komai na bincika, ban da abin da na ɗaura da hannuna don so. Washegari na sallami masu lesin biyun, na ce ta fita ta yi ƴar gala-gala da ƙawayenta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, wai ko tarko ne.

Na ce, "Tafi, uwata. Fatar akuyar ce ta gane kanta."