Saura Kafaɗa Kawai

Baba ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana ɗinki, kuma ban taɓa ganin ya sa almakashi a yadi ranar da aka kawo shi ba. Sai ya auna mutum, ya sa shi ya taka zuwa ƙofar shago ya dawo, sannan ya sake aunawa, don a cewarsa sai mutum ya yi tafiya ake gane inda riga za ta kama shi. Masu gaggawa sun sha kwashe yadinsu cikin fushi. Bayan wata biyu sai ka gan su sun dawo suna sosa ƙeya.

Ni ne ɗansa na fari, shi ya laƙaba mini Dogo, kuma ni na fara gudun ɗinkinsa. Tun da na samu aikin ofis na koma sayen kayan kanti. Duk ranar da ya ɗauko tef ɗin awo ya ce in tsaya, sai in ce sauri nake. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba, sai dai in muna gaisawa in ga yana bin wuyan rigata da ido.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya daina riƙe almakashi. Aka rufe shago, aka dawo da keken ɗinkin falo aka lulluɓe. Likita ta ce a samo masa abin motsa yatsu, in ba haka ba hannun zai sandare gaba ɗaya. Ni kuwa, sarkin dabara, na kwaso na'urar wasan bidiyona na haɗa masa da talabijin.

Wasan na yawo ne a ƙasar dodanni. Kafin a fara tafiya sai ka zaɓi wanda za ka zama: mayaƙi, maharbi, mai sihiri ko mai magani. Daga nan ka gyara masa jiki, tsawo da ƙiba, hanci, kunne, har faɗin kafaɗa. Na ba shi shawarar mayaƙi, don shi ne mai sauƙi ga sabon shiga. Baba ya ƙare wa mayaƙin kallo ya ce wanda ya yi masa rigar nan bai ji tsoron Allah ba, dubi yadda ta shaƙe masa hammata. Ya ɗauki maharbi, wani siriri. Na nuna masa yadda ake ƙarawa da ragewa a rimot, na koma gidana.

Ranar Asabar na zo da ɗokin jin dodanni nawa ya kashe. Ashe ko ƙofar gari bai fita ba. Kwana huɗu yana wuri ɗaya, yana tura maɓalli da babban yatsan nan mai rawa. Raina ya ɓaci, har ban tsaya na dubi abin da ke allon da kyau ba.

Ya ce, "Dogo, taka zuwa ƙofa ka dawo in gani."

Na ce, "Baba, wasa ne fa, ba shago ba ne. Kowanne ma ya yi."

Na zare rimot ɗin daga hannunsa, na danna inda na'ura ke zaɓa wa mutum da kanta. Maharbin ya ɓace, wani ƙato mai gemu ya fito, na fara wasan na miƙa masa.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce a hankali, "Saura kafaɗa kawai."

Ya yi wasan kamar minti goma don kada in ji babu daɗi, daga nan ya ce ya gaji.

Auta, ƙanwata da ke jinyarsa, ta ja ni kicin ta nuna mini hoton maharbin da ta ɗauka da waya jiya. Ni ne. Dogon wuyana, kunnuwan da ake tsokanata da su tun ina ƙarami, har gashin da ya fara ja baya a goshi. Ta ce kafaɗar ce ta gagare shi, ya ce na ciko tun aunin ƙarshe, shi kuwa ba ya yanka da ƙiyasi, zai jira in zo. Ta ƙara da cewa a kwana huɗun nan ne ya fara sa maɓallin rigarsa da kansa.

Kunya ta hana ni komawa in ba shi haƙuri. Na ce wa kaina Asabar mai zuwa zan zo da tef, in tsaya masa duk tsawon da yake so. Bai sake taɓa rimot ɗin ba, in ji Auta. Ranar Laraba ciwon ya dawo, ranar Alhamis ya rasu.

Bayan wata uku na kunna wasan daga farko, na ce bari in yi Baba kamar yadda ya yi ni. Fuskar ta zo da sauƙi, da furfurar. Da na iso faɗin kafaɗa sai yatsana ya tsaya. Mutumin nan ya san aunin rabin unguwarmu da ka, ni kuwa ban san nasa ba, kuma babu wanda zan ce wa ya taka zuwa ƙofa ya dawo.