Ƙayar Ƙurungu

A gidanmu na Gaya, a bakin wutar bandar kifi ake tatsuniya. Kaka Hajo na juya kifi da hannu ɗaya tana kore mana hayaƙi da ɗayan, har yau in na ji ƙamshin banda sai muryarta ta dawo mini.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, Baba na tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Malanville a ƙetaren kogi. Bakinsa ba ya ɓoye magana. Ya faɗa wa wani soja gaskiya tsirara a bariyar, shingen binciken motoci, aka riƙe masa permi, takardarsa ta tuƙi, aka ce in ya sake, shi za a riƙe. Da maraicen nan ya zauna nesa da wuta. Kaka ta ce ga wata tatsuniya ta taso daga kogi, muka ce ta shigo.

Wai wata yarinya aka aika ta kai wa uwarta marar lafiya ƙurungu mai rai cikin salka. Masunci ya ce ta naɗe ƙayoyinsa da ganye tukuna. Ta ce ba za a gan ta tana yi wa kifi lalle ba, ta jefa shi haka. Kafin rabin hanya ƙaya ta huda salka, ruwa ya tsiyaye, kifi ya mutu.

"Ba a ce ta karya ƙayar ba, Idi," Kaka ta ce wa Baba, idonta na kan kifi. "Sutura kawai, ya isa da ransa."

Bayan nan na taɓa bin Baba a mota. Na ga ya cire hula a bariyar, yana ta "ranka ya daɗe" kafin ya faɗi abin da ke ransa. Na sunkuya ƙasan kujera don kunyar abin da ya yi.

Yanzu a kan ordinater, wato kwamfuta, nake aiki. In zan sa tambayar ko wata lamba ba ta kai wata ba cikin XSLT, takardar da ke tsara shafin intanet, alamar < ba ta shiga tsirara, don da ita aka ɗinka takardar kanta, sai ta yage. Sai na rubuta &lt;, can gaba a kwance ta, ma'anarta ba ta ragu ba.

Duk sanda na yi wa alamar nan sutura sai in tuna hular Baba, in ji kunyar kaina. Baba ya faɗi abin da zai faɗa, kuma kullum ya kwana gida. Ni ce ke ƙasan kujera.