Ludayin Inna Zuwaira

Duk wanda ya taɓa jiran mota a bakin iyakar Illela ya san furar Inna Zuwaira. Ƙanwar mahaifiyata ce, mace mai tsiwa, ga dariya. Tun tana amarya take damu a rumfa ɗaya, har direbobin Ƙonni suka san sautin ludayinta.

Sai hannunta na dama ya soma karkarwa. Ta bar kasuwa ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ya karya mata zuciya shi ne ci. Ta ɗebo fura, kafin ta kai baki rabi ya zube a zane. Na ce ta gwada hagu, ta yi mini kallon da har yau nake jin kunyarsa. Da na ce in ba ta a baki kuwa, ta ce ba a haifi mai yin haka ba tukuna. Ta daina zama cikin mata a kan ƙwarya ɗaya, tana ta ramewa. Wallahi na ji tsoro.

Mijinta Baba Sahabi manomin duma ne a Kalmalo, mutum marar magana. Da damina ta faɗi, ya zaɓi 'ya'yan duman ludayi tun suna ɗanyu, ya lanƙwasa wuyansu a hankali ya ɗaure da tsumma, don su girma a karkace. Kullum yana bakin tafki yana dubansu, balbelu na sauka, ruwa na ƙyalli. Mutane suka ce tsufa ya taɓa shi. Ni ma, Allah ya yafe mini, na faɗa.

Inna kuwa kan zauna da hantsi ta lumshe ido, ta ce tana ganin ludayin yana girma a inuwar ganye, shi ma yana jiranta.

Da kaka ta yi, guda ɗaya ne kawai a cikinsu ya yi daidai. Baba Sahabi bai raba shi biyu yadda aka saba ba, ɗan baki kawai ya fafe, ya naɗe mariƙin da fata ya yi kauri, lanƙwasar ta rungumi wuyan hannunta.

Muka zauna da maƙwabta, aka ajiye ƙwarya. Hannun ya yi rawarsa, furar ta yi ta kaɗawa a ciki, ba ta zuba ba. Ta kurɓa. Ta sake. Maƙwabciyarmu Baraka ta fara hawaye.

Inna ta goge baki ta dube mu.

“Mi kuke kallo? Ku matso da ƙwaryar, yunwa nike ji.”